Yadda za ka tsare jarinka da ajiyar albasa

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira kasuwa ta yanka mata farashi, kuɗin da ke kwance a asusu zagwanyewa suke yi. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Mai ɗan jari a Sakkwato bai kamata ya zauna jiran rancen gwamnati ko takardar ɗaukar aiki ba, alhali ga albasa a fadamun Wurno, Goronyo da Kware. Ajiyarta na ciyar da mai ita, ta ciyar da 'yan dako da direbobi.

Da kuɗinka za ka shiga. Bashi mai wa'adi shi ke tilasta wa mutum sayarwa ranar da kasuwa ta faɗi. Zuba kashi biyu cikin uku na jarin, ka riƙe ɗaya don dako, gyaran rudu (rumbun ajiyar albasa) da ladan masu tsinta.

Albasar rani ake ajiyewa, wadda ake cirewa wajen Maris da Afrilu, lokacin da ta fi araha. A nan ake cin riba ko a tafka asara, don haka ka je gonar da kanka. Tambayi manomin yaushe ya yanke ban ruwa. Wadda aka shayar dab da cira, ko aka cika mata takin yuriya, girma gare ta amma ruɓewa take yi. Matsa wuyanta da yatsa. In ya bushe ya tsuke, saya. In da kauri da danshi, bar ta komai arharta, domin ta wuya ruɓa ke shiga. A shanya ta a inuwa mako ɗaya zuwa biyu, a yanke ganyen a bar kamar faɗin yatsu biyu.

Rudun ya tashi daga ƙasa aƙalla kamu ɗaya, iska na ratsa shi ta ƙasa da gefe, jinkar kuma ba ta yoyo. Kada tulin ya wuce gwiwa, kada a bar ta cikin buhun leda. Duk mako biyu a juya a tsince mai laushi da mai tsiro, musamman in damina ta sauka.

Yi lissafinka kamar buhu ɗari za su dawo saba'in, saboda ƙyamushewa da ruɓa. In a haka ba riba, kada ka fara.

Farashi kan ɗaga daga tsakiyar damina zuwa kaka. Ka riƙa leƙa kasuwar Ramin Kura a Sakkwato, ka sayar kashi-kashi, kada kwaɗayi ya sa sabuwar albasa ta riske ka da kaya. Ka sa ido kan iyakar Illela ma: rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar ya nuna yadda hukunci ɗaya na gwamnati ke birkita kasuwa. In jarin ya kai nisabi kuma shekara ta zagayo, a fitar da zakka, ɗaya cikin arba'in.