Yadda ake koya wa yara kulawar Allah a bakin garke

Ku ɗauki yara takwas zuwa goma, kada su wuce haka, ranar Alhamis da makarantar allo ke hutu. A fita bayan girbi, in an saki gonaki. Da damina tumaki kan faɗa shukar mutane, darasi ya koma rigima. Ku nemi izinin makiyayi tun da wuri, yara su gaishe shi da "baba". Kowa da gorar ruwansa, a dawo kafin rana ta take.

Kafin a kora, a ƙirga garken da ƙarfi. Kowane yaro a damƙa masa tumaki biyu, ya san kamanninsu da tafiyarsu. Nan ne wurin hadisin Buhari, cewa babu annabin da Allah ya aiko face ya yi kiwon tumaki, kuma Manzon Allah (SAW) ya yi wa mutanen Makka kiwo.

Ku daɗe a gindin gawo, wanda ba wuyar samu a karkarar Tahoua. Ku tambaye su, don me wannan icce ke zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani? Bar su su yi ta gardama. Lokacin da ciyawa ta ƙare ne gawo ke ba bisashe ganye da ƴaƴa. In sun gano haka da kansu, sai a karanta aya ta 6 a Suratu Hudu: babu dabba a bayan ƙasa face arzikinta na ga Allah. Makiyayi ya nuna masu yadda ake kakkaɓo ganye da sanda, kamar yadda Annabi Musa ya faɗa a Suratu Ɗaha, aya ta 18.

A rijiya, su ja guga da hannunsu, su ga mai rauni ana ware mata wurin sha don kada manya su ture ta.

Wurare biyu ake kuskure. Yara kan bi tunkiyar da ta ware da gudu, ita ko sai ta ƙara nisa. A zagaye ta a hankali, a maido ta. Na biyu ya fi nauyi: kada yaro ya tafi da tunanin Allah kamar makiyayi yake. Ku faɗa masu ƙarara, makiyayi na barci, yana mantuwa, Allah ko gyangyaɗi ba ya kama Shi.

A bakin turke a sake ƙirga. In ɗaya ta ɓace, ba mai zama sai an nemo ta.