Dashen haƙoran baki gaba ɗaya: kurakuran da muke tafkawa wajen tambayar farashi

Kawuna da ke Tudun Wada shi ya jefa ni cikin harkar nan, in ba don shi ba ni ina ruwana da farashin dashen haƙori. Mutum ne da ya ci goro ya sha rake iya ransa, ga ciwon dasashi da ya yi shekara da shekaru yana danne shi da maganin kemis, har haƙoran suka fara girgiɗi suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, aka wayi gari saura huɗu a ƙasa biyu a sama su ma duk suna rawa. Ranar da aka kawo tsire wajen walimar wani ƙanenmu na ga ya ɗauki tsinke ɗaya ya jujjuya ya mayar ya ce wai baya jin yunwa, ranar na san abun ya kai. Ƴaƴansa suka ce tunda ni ne mai yawan tambaya in je in jiyo musu kuɗin aikin, to wallahi a yawon nan babu kuskuren da ban yi ba, shi yasa na ce bari in rubuta ko wani zai huta.

Na farko dai shi ne tambayar "nawa ne?" ta waya ko WhatsApp. Na tura wa wurare uku saƙo iri ɗaya, amsa uku suka dawo kamar ba abu ɗaya na tambaya ba, har na fara zargin wani cikinsu ɗan damfara ne, ashe kowa da abun da yake ƙirgawa. Na ɗaya kuɗin kusa guda ɗaya ya faɗa min, wato ƙarfen taitaniyam ɗin da ake ɗaurawa cikin ƙashin muƙamuƙi ya zama kamar saiwar haƙori, ba ma tare da haƙorin da za a ɗora a kai ba. Na biyu kuɗin muƙamuƙi ɗaya ya faɗa, sama kaɗai ko ƙasa kaɗai. Na ukun ne ya haɗa sama da ƙasa. Ni kuma da wayona sai na ɗauki kuɗin na farkon na ninka shi sau 32 tunda haƙoran babba 32 ne, na ga lambar da ta sa na kusa cewa Kawu ya haƙura da kunu. Alhali ba haka ake yi ba sam. Ba kowane haƙori ake yi wa kusarsa ba, kusa huɗu ko shida ake kafawa a muƙamuƙi ɗaya sai a ɗaure jerin haƙora a kansu, yawanci 10 zuwa 12 a jere ɗaya. Tsarin kusa huɗun nan shi ne za ka ji suna kira All-on-4, wani likitan haƙori ɗan Fotugal Paulo Maló ne ya fito da shi tare da kamfanin Nobel Biocare, biyu na gaba a miƙe, biyu na baya a karkace don su kama inda ƙashi ya fi kauri. Don haka kafin ka girgiza ko ka yi murna, tambayi mai maganar: kuɗin nan na kusa ɗaya ne, na muƙamuƙi ɗaya ne, ko na baki duka, kuma kusa nawa za a kafa.

Wanda ya fi wannan ruɗa mutane shi ne kwatanta aikin da ba iri ɗaya ba. Akwai haƙoran da ake ɗaurewa da sukuru waɗanda kai ba ka iya cirewa sai likita, akwai kuma na cirewa waɗanda ake maƙalawa a kan kusa biyu ko huɗu kamar maɓallin riga, da daddare ka ɓalle ka wanke ka ajiye. Dukansu sunansu dashe a bakin masu talla, amma kuɗinsu ba ko kusa, kuma na cirewan ba wai aikin banza bane, tun 2002 wani taron masana a jami'ar McGill ta Kanada ya ce wanda ya rasa haƙoran ƙasa duka, haƙoran cirewa a kan kusa biyu su ya kamata a fara yi masa tayi maimakon haƙoran roba zalla da ke yawo a baki. Matsalar ita ce a sayar maka da na cirewa kana zaton na ɗaurewa ka saya da araha.

Yanzu ga inda kuɗin ke ɓuya, nan zan ɗan daɗe. Mun je wani wuri da Kawu aka bamu takarda mai layi ɗaya tal, an rubuta aikin an rubuta kuɗi an buga hatimi, Kawu har ya fara cewa Alhamdulillahi wannan da sauƙi. Na ce likita don Allah cire ragowar haƙoran nan shida yana ciki? Ya ce a'a wannan daban. Hoton fa? Daban. In aka tarar ƙashin ya zaizaye fa? Ya ce ai sai an buɗe an gani. Kawu ya dube ni ya ce "ɗan nan, wannan ai cinikin biri a sama ne." Kuma gaskiyarsa. Hoton da ake bukata ba ɗan ƙaramin eksire ɗin nan bane, akwai sikan da ake kira CBCT mai nuna kauri da tsayin ƙashi da inda jijiya ta bi, da shi ake sanin ko ƙashin zai riƙe kusa. Mutumin da haƙoransa suka daɗe da zubewa ƙashin muƙamuƙinsa shanyewa yake yi a hankali, to in bai isa ba sai an yi ciko na ƙashi, a sama kuma akwai kogon iska a gefen hanci wanda wani lokaci sai an ɗaga shimfiɗarsa an cika ƙarƙashi kafin kusa ta samu wurin zama, kowanne cikin waɗannan kuɗi ne daban kuma yana iya ƙara watanni. Duk farashin da aka yanka maka kafin a ga wannan hoton ƙiyasi ne kawai, ko da an buga masa hatimi goma.

Sannan haƙoran da za a sa maka ranar aiki ko washegari, waɗanda ake ɗaukar bidiyonsu ana ɗorawa a Instagram mutum na murmushi yana hawaye, na wucin gadi ne. Kusa tana bukatar wata uku zuwa shida ƙashi ya kama ta ya haɗe da ita, abun da wani likita ɗan Suwidin Brånemark ya gano a jikin ƙashin zomo a 1952 kafin a yi wa mutum na farko a 1965, sai bayan ta kama ake auna baki a ƙera na dindindin. Mutane da yawa kuɗin na wucin gadin kawai suka biya basu sani ba, bayan wata biyar a ce musu su kawo na ainihin, a lokacin kuwa ba ka da bakin ciniki tunda ƙarfe na cikin ƙashinka. Na dindindin ɗin ma iri-iri ne, akwai na roba mai tauri da aka ɗora a kan sandar ƙarfe, yafi araha kuma in ya guntule ana iya gyara shi amma yana cinyewa yana canza launi musamman in mai shi bai bar goro ba, akwai na zirkoniya, wani irin farin tangaran mai ƙarfi da tsada. A ce misali wuri ɗaya ya ce maka miliyan 7 wani ya ce 10, lambobin nan ni na ƙirƙira don lissafi kawai, in na 7 ɗin babu cire haƙora babu sikan babu haƙoran ƙarshe, na 10 ɗin kuma komai na ciki, to ka ga wanda ka ɗauka mai tsada shi ne mai sauƙin. Gyaran wannan kuskuren ɗaya ne: kowa ya rubuta maka dalla-dalla, layi-layi, har da abun da ba ya ciki, sai ka jera takardun a kan tabarma ka duba su kusa da kusa.

Sunan kamfanin kusar ma a rubuta. Akwai Straumann na Suwizalan, akwai Nobel Biocare, akwai Osstem na Koriya ta Kudu, akwai Neodent na Burazil, da wasu da yawa, kuma ba wai sai mafi tsada ne zai zauna ba. Abun da yasa na ce a rubuta, sukurun wannan baya shiga na wancan, kamar dai sifeya fat ɗin mota, in sukuru ya saki ko ya karye bayan shekara huɗu likitan da za ka je wurinsa sai ya san wane iri ne a bakinka kuma ana samun kayansa a Najeriya. Ka karɓi kati ko takarda mai ɗauke da sunan kamfani da girman kowace kusa ka adana tare da takardun fili.

Masu cewa a tafi waje kuma, Turkiyya ko Masar ko Indiya ko Dubai, ba na ce kar a je ba, akwai masu aiki mai kyau, amma lissafin da ake yi rabi ne. Tafiya biyu ce aƙalla, ta kafa kusa da ta ɗaura haƙoran ƙarshe, kowacce da biza da tikiti da otal da abinci, kuma dattijo kamar Kawu ba zai tafi shi kaɗai ba sai da ɗan rakiya, ga jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja ko motar Kano kafin ma a hau na sama. Kuɗin kuma da dala ko yuro ne. Wanda ya fara aiki a farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance ya zo biyan ragowar a 2024 ta haura 1,500 shi zai baka labari. Ko a nan gida ma kayan daga waje ake shigo da su, saboda haka ka tambaya farashin da aka baka zai tsaya har zuwa yaushe. Sai babbar tambayar, in wuri ya kumbura ko kusa ɗaya ta ƙi kamawa bayan ka dawo Kaduna wa zai duba ka, don garantin da sai ka sayi tikitin jirgi kafin ka ci moriyarsa ni dai ban ga amfaninsa sosai ba.

Wani abun da mu bamu ma kawo shi cikin lissafi ba shi ne lafiyar mai bakin. Kawu yana da suga, wata likita ce ta fara tambayarmu gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance a wajen wata uku da suka wuce, ta ce "Baba, in wannan bai sauka ba ni ba zan taɓa ka ba," a lokacin na ji haushi na ce ko rowar aiki ce, daga baya na gane ita ce ta fi kowa tausayin kuɗinmu. Suga da bai daidaita ba da shan sigari suna hana ciwo warkewa suna ƙara yiwuwar kusa ta ƙi zama, ciwon dasashin da ya zubar da haƙoran asali ma in ba a magance shi ba zai iya cin ƙashin da ke kewaye da kusar. Masu shan maganin tsinka jini ko maganin ƙarfin ƙashi su faɗa tun farko kar su ɓoye don kar a fasa musu aiki.

Kafin ka sa hannu kuma, kar ka yarda ka zube kuɗin duka rana ɗaya don an ce za a rage maka. A raba biyan bisa matakin aiki, a rubuta in kusa ta faɗi wa zai biya sabuwa. Ka tambayi wanda zai yi tiyatar da kansa, ba mai karɓar baƙi ba, yana da rajista da hukumar likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa MDCN, kuma aiki irin wannan nawa ya taɓa yi, wannan ba irin haƙorin Makka bane da ake sanyawa a zama ɗaya, ƙashi ake hudawa kusa da jijiya. In kana son ra'ayi na biyu daga inda ba tallar fakej ake maka ba, sashen tiyatar baki da muƙamuƙi na asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ba nisa daga Kaduna. Masu inshorar lafiya ta NHIA ta tarayya ko KADCHMA ta jihar Kaduna su je su tambaya a rubuce me aka ɗauke musu kafin su sa shi cikin lissafi.

Bayan an gama ma kuɗi bai gama fita ba, ana komawa likita ya duba ya wanke kamar duk wata shida, akwai ƙananan burushi na shiga ƙarƙashin jerin haƙoran don aswaki kaɗai baya kaiwa wurin, mai cizon haƙora cikin barci kuma sai an yi masa abun sawa da daddare.

Mu dai da muka jera takardun nan uku bayan kowa ya rubuta dalla-dalla, sai ƴaƴan Kawu suka ga na ɗaurewa sama da ƙasa ya fi ƙarfinsu ko an haɗa da kuɗin adashin babbar ɗiyarsa. Aka tsaya a kan kusa biyu a ƙasa da haƙoran maƙalawa, sama kuma haƙoran roba na cirewa tunda ganɗa tana riƙe su, bayan an yi wata huɗu ana fama da shi ya rage shayi mai siga uku. Yanzu yana cin nama in an dafa shi ya yi laushi, kilishi ne dai likitar ta ce ya riƙa jiƙawa tukuna, shi kuma har yau yana cewa kilishin da aka jiƙa ai ba kilishi bane.