Tara ƙananan motocin ƙarfe: abin da za ka duba kafin ka biya

Kafin ka sayi ko guda ɗaya, fara tsai da shawara kan ma'auni. A ƙarƙashin motar ko a jikin kwalinta za ka ga an rubuta 1:18, 1:43 ko 1:64, wato sau nawa aka rage girman motar gaske. Fijo 504 tsawonta ya kusa mita 4.5, don haka a 1:18 za ta kai santimita 25, a 1:43 kuwa ta ɗan haura 10. Manyan sun fi ɗaukar ido, yawanci ƙofa da bonet suna buɗewa har ka leƙa inji, amma suna cin wuri da kuɗi. Ni na tsaya a kan 1:43, domin kabad ɗaya ya ishe ni, kuma tsofaffin motocin Turai sun fi samuwa a wannan ma'aunin.

Sai kuma ka zaɓi layi. Mai sayen duk abin da ya gani kayan wasan yara yake tarawa. Layina motocin da suka taka hanyoyinmu ne: Fijo 404, Marsandi W123, Volkswagen Beetle, da uwa uba 504, wadda ta fito a 1968, aka kuma shafe shekaru ana harhaɗa ta a Kaduna. Kamfanonin Faransa irin su Norev da Solido sun yi ta a 1:43. Idan tsofaffin Ingila kake so, Dinky ta fara a 1934, Matchbox a 1953, Corgi a 1956, kuma masu tarawa a can suna biyan kwalin asali kuɗi mai kauri, saboda haka kada ka yar da naka.

Wurin dubawa ne ya fi buƙatar natsuwa. Ɗauki motar a tafin hannu. Ta ƙarfe tana da nauyi da sanyi. Akwai kuma na rezin, wani irin roba mai tauri, masu kyan ƙira, sai dai ba su buɗewa kuma faɗuwa ɗaya ta isa ta fasa su. Ƙarfen da ake zubawa galibinsa tutiya ne haɗe da alminiyum da ɗan jan ƙarfe, kuma yana da wata cuta. Idan dalma ta gurɓata shi tun a masana'anta, bayan shekaru sai jikin ya kumbura, ya tsattsage kamar busasshen tabki, a ƙarshe ya ruɓushe. Ba ta da magani, danshi kuma yana hanzarta ta. Kai motar gaban taga, ka karkata ta a haske, ka bi gefen ƙofofi da kewayen tayoyi. In ka ga siraran tsaga a ƙarƙashin fenti, ko ƙofar da ta daina shiga mazauninta, kada ka saye ta komai araharta.

Daga nan ka ƙirga ƙananan kaya: madubin gefe, goge-gilashi, fitilu, tambarin zakin Fijo. Su ne suka fi ɓallewa, kuma samun madadinsu wuya. Idan ta intanet za ka saya, ka ce mai kayan ya turo hoton ƙarƙashi da na kowane gefe, ka kuma lissafa kuɗin aikowa tun da wuri, don wani lokacin ya fi kuɗin motar.

Ajiya a ƙasarmu sai an dage. Ƙurar hunturu tana da yashi, in ka goge ta da tsumma a bushe fentin za ka karce. Ni burushin kwalliya na mata nake amfani da shi, sabo, mai taushi, ina kaɗe ƙurar daga rufi zuwa ƙasa. Lungun fitila da bayan bamba kuwa auduga a tsinke ta wadatar. Fetur da kananzir kada su kusanci motar, suna dusar da gilashin roba, su kuma ci lambobin da aka manna.

Kabad ɗin ya zama mai ƙofar gilashi da ke rufewa ruf, a bangon da rana ba ta duka. Jan fenti ne ke fara koɗewa. Zafin bazara yana sa tayar roba ta yi laushi har ta manne da abin da take kai, musamman in roba ne ko katako mai fenti, shi ya sa nake ɗora nawa a kan gilashi, nakan kuma ɗan mirgina su lokaci-lokaci don kada taya ta lotsa gefe ɗaya. Da damina ta kama, sai ka jefa ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi, biyu ko uku a kowane hawa, ka canza su idan ruwa ya ɗauke.