Yadda ake yi wa a-kori-kura lodi ta kai kaya lafiya, ta kuma daɗe a hannunka

Unguwar da ke da a-kori-kura guda ɗaya, motar ta zama ta kowa. Da sassafe ta kai taki gona, da hantsi ta ɗauko siminti, bayan la'asar a ce za a kai kayan jeren amarya, wata rana kuma tun asuba a ƙwanƙwasa maka ƙofa an yi rasuwa, ana neman motar da za ta ɗauki makara zuwa maƙabarta. Mu 'yan Kaduna mun saba da ita tun da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975. Su 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya su suka goya noma da kasuwancin iyayenmu. Yau Hilux ce ta gaje su, ni ma ita ke hannuna, tsohuwa mai ƙofa huɗu, kullum tana tsakanin gidana a Rigachikun da gona da kasuwa.

Abin da na fi gani yana cin waɗannan motoci shi ne lodin da ake aunawa da ido. Muddin an hango sauran wuri a bodi, sai a ce a ƙara. Ita kuwa mota nauyi take ji, ba ruwanta da sauran wuri.

Fara da sanin ƙarfin motarka

Hilux da takwarorinta suna ɗaukar kimanin kilo 800 zuwa 1,000, gwargwadon samfurinsu. Duba littafin motar in yana nan, ko ɗan allon da ke jikin ƙofar direba. Abin da mutane ke mantawa shi ne wannan adadi ya haɗa da kai kanka da duk wanda ya shiga ciki. In ka ɗauki manya biyar a mai ƙofa huɗu, wajen kilo 350 ya riga ya tafi kafin a ɗora ko da buhu ɗaya.

Yanzu sai ka haddace nauyin abubuwan da ka fi ɗauka. Buhun masara kilo 100 ne, a kasuwa ma sau da yawa ana cika shi har ya haura. Siminti kilo 50, taki kilo 50. Ke nan buhun masara 6 zuwa 8, ko siminti 13 zuwa 17, in kai da yaro ɗaya ne a gaba, shi ne lodinta na gaskiya. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, don haka tankin lita 1,000 shi kaɗai ya cinye ƙarfinta duka, jarka mai lita 25 kuma guda 40 sun yi tan ɗaya. Bulo mai inci 9 ya haura kilo 20 kowane ɗaya. Wanda ya fi yaudara shi ne yashi: in aka cika bodi da shi daidai baki ya kai tan ɗaya da rabi, in jiƙaƙƙe ne ya wuce haka, alhali a ido kamar ba a ɗora komai ba.

Na koyi wannan lissafi ne da tsada. Lokacin da nake ginin katangar gida na je sayen siminti buhu 30. Ɗan lodin ya dube ni ya ce, "Alhaji, ai Hilux ce, ko arba'in za ta ɗauka." Na so in huta da sawu biyu, na ce su ɗora. Ban yi nisa ba na hau wani tudun rage gudu, sai na ji ƙara kamar an karya itace, bayan motar ya karkace gefe ɗaya. Sifirin ya tsinke. Kwana uku tana gareji, na sayi sifirin da shokazoba, na kuma biya wata motar ta kwashe simintin daga bakin titi kafin hadari ya sauko. Man da na yi ƙoƙarin tanadi bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na kashe ba.

Duba ta kafin a ɗora komai

Wannan ba ya cin minti goma. Baƙin mai, ruwan lagireto, man birki. Sai taya, wadda ita ce ke ɗauke da komai. Iskar da ta ishi mota ba kaya ba ta ishe ta da lodi ba, musamman tayoyin baya. Takardar da ke manne a bakin ƙofar direba tana nuna awo biyu, na wofi da na lodi. Tsaya wajen mai faci da safe kafin taya ta yi zafi, ka sa ya auna da ma'auni, kada ka yarda da bugun ƙafa. Taya mai ƙarancin iska in ta ɗauki nauyi zafi take yi har ta fashe, kuma a kan gudu take fashewa.

Duba shekarunta ma. A gefen taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT. In ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Tayar da ta tsufa ko da zanenta yana nan, robar ta bushe. Safaya taya kuma a tabbata da iska, jak ɗinka ya zama wanda zai iya ɗaga motar tana ɗauke da kaya. Takardu, abin kashe gobara da jar alwatika su zauna a mota kullum, domin jami'an KASTLEA, masu kula da dokokin hanya na jihar Kaduna, da na hukumar kiyaye haɗurra suna da hurumin tambaya.

Jera kaya: mai nauyi gaba, mai nauyi ƙasa

A nan ne ake buƙatar ka tsaya da kanka. 'Yan lodi suna sauri ne, inda hannunsu ya fi kai wa nan suke jefawa, wato bakin ƙofar baya. Kai kuma so kake nauyi ya matsa can jikin kan mota, ya zauna a kan tayoyin baya ko gabansu. A mai ƙofa huɗu bodin gajere ne, wajen mita ɗaya da rabi, kuma babban ɓangarensa yana bayan tayoyin. In aka tara nauyi a can, gaban motar yana ɗagawa, sitiyari ya yi sakayau a hannunka, birkin gaba ya rage kamu, da dare kuma fitilarka ta riƙa haska idon masu tahowa maimakon titi.

A raba nauyi daidai dama da hagu. Buhu a kwantar da shi, layi na biyu ya gitta na farko kamar yadda magini ke jera bulo, don su riƙe juna. In an gama, koma baya taku goma ka durƙusa ka dubi motar. In bayanta ya zauna har sifirin ya miƙe, ko bodi ya kusa taɓa taya, a sauke wasu. Kada ka ji kunyar cewa a sauke.

Wasu kaya suna da nasu hali. Tankin ruwa ko dai a cike ko babu komai, domin rabin tanki yana kai da komo, a kwana sai ya ja motar gefe. Firji da tukunyar gas a tsaye ake ɗaukarsu, a ɗaure su jikin kan mota. Janareto a rufe masa hanyar mai. Kayan amarya irin su madubi da sif a sa katifa tsakaninsu da ƙarfe, kuma mace ɗaya daga dangi ta gani da idonta yadda aka jera, hakan yana kashe magana daga baya. Rodi da katako da kwanon rufi sun fi bodin tsawo, don haka in kana yawan ɗaukarsu je Panteka masu walda su yi maka ƙarfen ɗora kaya mai ƙafa huɗu, su ɗaure shi da kusoshi a jikin bodi. Abin da ya leƙo baya a ɗaura masa jan ƙyalle. Kwano kuwa wuƙa ne in iska ta ɗauke shi, a danne shi da katako gaba da baya kafin a ɗaure.

Dabba ta fi komai son kulawa. Ƙasan bodi yana da santsi, da rana kuma yana ƙuna. Kafin babbar Sallah, in zan ɗauko raguna daga Zango, nakan shimfiɗa yashi kaɗan ko buntun shinkafa, in ɗaure kowane da gajeriyar igiya yadda zai iya tsayawa ya kwanta amma ba zai kai ga tsallake baki ba. Da safe ko da yamma nake tafiya da su. Sa babba ba na ɗaukarsa sai a motar da aka yi wa shinge.

Ɗauri

Robar tsohon tub tana riƙe tamfol, amma ba ta riƙe nauyi, tana miƙewa. Nemi igiya mai kauri ko bel ɗin ɗaure kaya mai ƙugiya. A ɗaure a gicciye, daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan a ja ɗaya ta tsakiya. Gwajin shi ne ka kama kayan ka girgiza: in motar ce ta motsa, ya ɗauru, in kayan ne suka motsa, a sake. Da damina, musamman a watan Agusta da ruwa ba ya sallama, tamfol dole ne. A cusa bakinsa na gaba ƙarƙashin kaya don iska ta rasa ƙofar shiga. Bayan tafiyar kamar kilomita 10 ka tsaya ka ƙara jan igiya, domin buhu yana zama a hanya, ɗaurin ya saki.

A kan hanya

Motar da ke da lodi wata mota ce dabam da wadda ka saba. Tashinta a hankali, tsayawarta da nisa. Ninka tazarar da kake bari tsakaninka da na gaba. In ka taso da masara daga Saminaka ta Pambegua zuwa Maraban Jos, ka rage gudu tun kafin rami, ka saki birki kafin taya ta faɗa ciki, domin taka birki a cikin rami shi ke karya ƙafar mota. A gangara koma ƙaramar giya, injin ya taya ka riƙewa, kada ka ɗora ƙafa a birki har ya yi zafi ya ƙi ci. A hawa kuma kada ka riƙe mota da kuloci. Cikin gari, tsakanin Kawo da Kasuwar Barci inda 'yan Keke Napep ke ɓullowa ta ko'ina, sai ka ɗauka kowa zai tsaya a gabanka ba sanarwa.

Giyar taya huɗu ta laka da yashi ce. In hanyar gona ta jiƙe ka sa H4, wato taya huɗu na ja, in motar ta kafe sosai ko hawa ya yi tsanani ka tsaya cak ka sa L4, wato taya huɗu a ƙaramar giya. Da ka hau busasshiyar kwalta ka mayar da ita H2, wato taya biyu, in ba haka ba kana cin taya da giya a banza.

Wani abu da ke damuna ƙwarai shi ne ɗora mutane a kan kaya. Bodi ba shi da kujera, ba shi da bel, birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya wurgo mutum titi. Yara ba sa hawa bayan motata ko da nan da bakin layi ne. Ranar jana'iza, 'yan rakiyar makara su zauna a ƙasan bodi, ba a kan baki ba, ni kuma in tafi a hankali kamar mai tafiya da ƙafa.

Bayan an sauke

A wanke bodi ranar da aka ɗauki taki ko dabbobi. Taki da fitsarin dabba suna cin ƙarfe, in an bar su sai ka ga tsatsa ta kama ƙasan. Siminti a share shi a bushe kafin ruwa ya taɓa shi. Tabarmar roba ko falankin katako a ƙasan bodi suna ƙara masa shekaru. Da hunturu a riƙa kakkaɓe matatar iska akai-akai, juyen baƙin mai kuma motar da ke shan lodi da ƙura ba ta jiran lokacin motar ofis.

Sai maganar aro, wadda ba mai a-kori-kura da zai kuɓuce mata. Ba na hana motata, amma ba na ba da makulli. Ko ni in tuƙa, ko ƙanena da ya san halinta. Kuma kafin in amsa nakan tambayi abin da za a ɗauka da yawansa. Kwanan baya wani dattijo maƙwabcina ya same ni bayan sallar asuba ya ce, "Malam, a taimaka mini da mota, bulo ne ɗan kaɗan." Na ce, "Baba, guda nawa ne?" Ya ce ɗari da ashirin. Na ce, "To Baba, sawu uku za mu yi, arba'in-arba'in, ni kaɗai a gaba, yaran su bi mu a babur." Ya ce Allah ya yi albarka, ya zuba mai. Kafin azahar bulo na ƙofar gidansa, da la'asar kuma motar ta kai taki gona.