Yadda za ku hana a yanka filin garinku a sayar

Filin idi, dandalin 'yan dambe, filin ƙwallon yara, gindin tsamiyar da dattawa ke zama: a yawancin ƙananan garuruwa babu ko ɗaya mai takarda. Kowa ya san na gari ne, shi ke nan. Ta nan ake shigowa. Ba a cika cinye fili rana ɗaya ba. Kwantena guda ake fara ajiyewa a bakin titi da takardar "wucin gadi", bayan damina biyu a zuba bulo, kafin a farga layin shaguna ya tare gabas.

Ku fara gano wanda ke da iko da filin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Yankin da ya ayyana a matsayin birni, shi ke ba da takardar mallaka a cikinsa, sauran kuma ƙaramar hukuma ce ke bayarwa. Hedikwatar ƙaramar hukuma takan faɗa kashin farko ko da garin ƙarami ne, don haka ku bincika a hukumar filaye ta jiha, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna. Mai unguwa da dagaci shaidu ne masu nauyi, amma tambarinsu kaɗai ba ya zama mallaka.

Sai awo. Ku ɗauko safiyo mai rajista ya fitar da taswira, ya kafa duwatsun iyaka na kankare a kowace kusurwa, a gaban maƙwabtan filin duka, kowa ya sa hannu. Wanda ba a gayyata ba, shi ne gobe zai ce katangar kakansa ta wuce nan.

Babbar tambaya ita ce sunan wa za a rubuta. Kada ku yarda da sunan mutum ɗaya, komai amanarsa. Liman ko attajirin da kuka amince wa zai rasu, filin ya shiga rabon gado, magada kuwa ba su ji alƙawarin baki ba. Ku yi wa ƙungiyar ci gaban gari rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, don a rubuta filin da sunan ƙungiyar. Doka ta yarda da mutum biyu, amma ku ɗauki biyar ko bakwai daga gidaje daban-daban, kuma kada duk su zama 'yan jam'iyya ɗaya. Za a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta. A tsarin mulkin ƙungiyar ku rubuta ƙarara cewa ba a sayarwa, ba a jingina, ba a ba da haya sai babban taro ya amince. In wani ne ya ba da filin wakafi, a rubuta tun yana raye, 'ya'yansa su shaida.

Filin da ya koma juji shi ake fara nema da sunan gyara. Ku zagaye shi da darbejiya, ku kafa allo, a riƙa wasa da taro a ciki.

Ranar da kuka ga an sauke yashi, ku ɗauki hoto, ku kai ƙorafi a rubuce ga shugaban ƙaramar hukuma da hakimi, a buga muku tambarin karɓa a kwafinku. A cikin makon ku sa lauya ya nemi kotu ta dakatar da aikin. Shagunan filin idin Ƙofar Mata a Kano sai da aka gama su, mutane suka zuba dukiya, sannan aka rushe a 2023, rigimar diyya ta koma kotu. Hana haƙa tushe ya fi rusa bene sauƙi nesa ba kusa ba, don haka kada ku jira a ɗora lintal.