Kurakuran da ke kayar da ƙannenmu a jarrabawar ICAN, zango bayan zango

Duk lokacin da sakamakon jarrabawar ICAN, cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, ya fito, wayata ba ta samun hutu. Ƙannenmu da ke aiki a bankuna da kamfanoni a nan Legas, daga mazauna Agege har na Idi-Araba da Obalende, kowa sai ya turo min makinsa: arba'in da ɗoriya, wani ma saura ɗaya ya kai 50 ɗin da ake nema. Maganar kuma guda ce a bakin kowa: "Yaya, wallahi na yi karatu." Na yarda an yi. Akwai wanda ya haƙura da zuwa gida Sallah saboda wannan jarrabawa, akwai wadda take bitar haraji da goyo a bayanta. Abin da ya ishe ni shi ne, in na tambayi yadda aka yi karatun, amsar bana ita ce ta bara, kuma ita za a maimaita baɗi. A canza wurin lesin, a canza malami, a sayi sabon kalkuleta, amma yadda ake zama da littafin yana nan yadda yake.

Babban abin da ke kayar da mutane shi ne karatu da ido. Mutum ya buɗe Pathfinder, littafin da ICAN ke fitarwa bayan kowane zango da tambayoyin da aka yi da amsoshinsu, ya karanta tambaya, ya juya shafi ya bi amsa layi bayan layi, ya gyaɗa kai ya ce ai na gane. Kuma ya gane ɗin, don amsar da ƙwararre ya tsara dole ta shiga kai. Sai dai ranar jarrabawa ba a tambayar kowa ko ya gane. Farar takarda ake ajiye maka da agogo a bango. Fasinjan da ya shekara yana hawa danfo daga Agege zuwa Obalende ya san kowace kwana da kowane rami, amma a miƙa masa sitiyari a Oshodi da ƙarfe bakwai na safe a ga abin da zai faru. Wannan ɗabi'a ta karatu da ido ce ta cinye min kuɗin rajista da watanni masu yawa a darasin Performance Management, kuma har yau raina yana ɓaci in na ga wani yana binta. Na haddace yadda ake lissafin bambancin da ke tsakanin kasafi da abin da aka kashe, ina iya yi wa wani bayani da baki tiryan-tiryan, amma da na zauna a zauren jarrabawa sai hannuna ya rasa ta inda zai fara, domin bai taɓa farawa shi kaɗai ba.

Abin da ya fitar da ni, kuma shi nake tilasta wa duk wanda ya zo wurina, ga shi. A rufe amsa. Ba da tafin hannu ba, a naɗe shafin ko a ajiye littafin a wani ɗaki. A ɗauki biro da takarda mai layi, a saita agogo, a yi tambayar daga farko har ƙarshe kamar mai sa ido yana tsaye a kai. Takardun da na zauna wa awa uku ne, da ƙarin minti 15 na karanta tambayoyi, maki kuma 100. Minti 180 a raba wa maki 100, kowane maki ya samu minti ɗaya da daƙiƙa 48. Tambaya mai maki 20 ke nan tana da minti 36, mai maki 30 tana da minti 54. Lokaci na cika a ɗaga biro, ko da a tsakiyar jimla ne. Sai a kawo amsar, a ɗauki jan biro, a yi wa kai maki ba sani ba sabo. Ranar farko abin zai yi ciwo. Za ka ga tambayar da ka rantse ka iya, ka tashi da maki shida cikin ashirin. Gara ka ga shidan nan a ɗakinka, inda ba a biyan kuɗin rajista.

Kuma a rubuta lissafin gefe a fili, da lamba da suna, yadda mai duba takarda zai bi shi. Ga misali daga haɗa lissafin rukunin kamfanoni, wanda yake yawan fitowa a darasin Financial Reporting. Kamfani ya sayi kashi 80 cikin 100 na wani a kan naira miliyan 400. Dukiyar wanda aka saya, bayan an cire bashi, miliyan 320 ce a littafi, amma can ƙasan tambaya an ce filinsa ya fi abin da ke rubuce daraja da miliyan 30. Daidai shi ne a yi aiki da 350: kason masu ƙaramin hannun jari kashi 20 na 350, wato 70, gudwil kuma, wato rarar da aka biya a kan darajar dukiyar, 400 a haɗa da 70 a cire 350, ya zama 120. Wanda ya tsallake zancen filin zai samu 144. Ya yi kuskure, babu shakka. Amma in ya jera matakan a fili, mai dubawa yana ganin inda ƙafarsa ta zame, kuma sauran matakan da ya bi daidai suna da makinsu. Wanda ya danna kalkuleta ya rubuta 144 tsurarsa ba shi da abin da za a ba shi. Ku duba yadda ake rarraba maki a Pathfinder, za ku ga rabin maki nan, maki ɗaya can, a kan matakai. Da su ake hawa daga 46 zuwa 52.

Na san abin da za a ce: ina lokacin? Legas ce. Mai zama a Agege yana aiki a Victoria Island, in ya bar ofis ƙarfe shida, Allah kaɗai Ya san lokacin da gadar Third Mainland za ta sake shi. Ya iso gida goma ta wuce, an ɗauke wuta, janaretan maƙwabta yana ta ruri, ga baƙi daga gida sun sauka a ɗakin. Wanda ya ce zai yi lissafin haraji a wannan hali, kansa yake yaudara. Ni karatun dare na daina shi gaba ɗaya. Tunda dole ne a yi sammako don a riga cunkoso, sai na mai da sammakon ya zama nawa: in fita da duhu, in yi Asuba a masallacin da ke kusa da ofis, in zauna a teburina kafin kowa ya iso, mai shara ne kaɗai ke motsi. Awa ɗaya da rabi ke nan, tambaya biyu da agogo, kowace ranar aiki. Cikin mota ko jirgin ƙasan Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024, wanda ke tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Yaba, nan ne wurin karatun ido: ƙa'idoji, ma'anoni, sassan doka a kan ƙananan katuna. Asabar kuma takarda guda cikakkiya, awa uku a zaune, waya a kashe. Wasu sun fi son dare kuma yana yi musu, ban hana ba. Sharaɗina dai biro ya motsa.

Kuskure na biyu, kuma shi ya fi ba ni haushi: mutum ya faɗi, bai tsaya ya binciki dalili ba. Ya yi kwana biyu ba ya cin abinci, 'yan'uwa su yi masa jaje, a ce haka Allah Ya ƙaddara, sai ya sake rajista ya koma shafi na ɗaya na littafin da ya riga ya karanta. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, amma ba ta hana mutum duba inda ya yi sakaci ba. A cikin Pathfinder ɗin nan, ƙarƙashin tambayoyi akwai rahoton mai jarrabawa: abin da tambayar ta gwada, yadda ɗalibai suka yi, kuskuren da aka fi tafkawa, da shawararsa. Wanda ya tsara tambayar ne da kansa yake gaya maka abin da ya kayar da kai, kyauta, kai kuma ka tsallake shi kana neman amsa. Haba ƙanena!

Kwanakin baya wani yaro mai ƙwazo ya same ni bayan sallar Juma'a, takardarsa ta Audit and Assurance ta sake ƙin wucewa. Na ce ya kawo tambayoyin zangon, muka zauna a kan benci a inuwar masallaci. Na ce ya nuna min waɗanda ya amsa. Ya nuna, sai na ga babu ta ƙarshe. "Yaya, lokaci ne ya ƙure." Na tambaye shi minti nawa ya ba tambayar dole ta farko. Ya yi shiru, can ya ce ta kusa cin rabin lokacin, don ya san ta sosai, yana son ya zuba duk abin da ya sani. Wancan zangon ma haka aka yi. To wannan ba jahilcin odit ne ya kayar da shi ba, kuma da ya sake haddace littafin daga bango zuwa bango, sakamakon ba zai canza ba. Maki biyar na farko a sabuwar tambaya sun fi sauƙin samu a kan maki biyun ƙarshe na wadda ka riga ka tatse. Wanda ya bar tambaya mai maki 15 ba a taɓa ba, yana neman 50 ne cikin 85.

Shi ya sa nake da littafin kurakurai, ƙaramin littafi mai bangon kwali. Duk tambayar da na yi wa kaina maki, sai in rubuta abin da na rasa da dalilinsa, kuma dalilan ba sa wuce huɗu: ban san abin ba, na sani na manta, ban karanta abin da aka tambaya da kyau ba, ko lokaci ya ƙare. Bayan wata guda a ƙirga. Kowane dalili maganinsa daban, kuma na farkon ne kaɗai komawa littafi ke warkarwa. A makon ƙarshe kafin jarrabawa, wannan ɗan littafin nake bita, ba na buɗe sabon babi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai masu yawo da tsofaffin takardun yayyensu. Don Allah ku daina. Wanda ya ba ka ya ci jarrabawa da su, gaskiya ne, amma a zamaninsa. Harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin 100 tun 1 ga Fabrairu 2020. Dokar kamfanoni ta CAMA 2020 ta maye gurbin ta 1990. Ƙa'idar lissafin haya ta IFRS 16 ta kori tsohuwar, IAS 17, tun 2019, kuma a ƙarƙashinta mafi yawan hayar da a da ake rubutawa a matsayin kuɗin kashewa kawai, yanzu tana shiga cikin kadara da bashin mai haya. A watan Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda aka tsara manyansu su fara aiki a Janairun 2026. Mai shirin Taxation ko Advanced Taxation da littafin da ya girmi waɗannan, yana haddace amsar da ta daina zama daidai. Kafin a buɗe kowane littafi a shiga shafin ICAN, a sauke manhajar da ake kai, a ga dokokin da za a yi tambaya a kansu a wannan zangon.

Sauran ƙanana ne, amma suna cin maki. Kada a kwashi darussa da yawa don a rama faɗuwar baya. Abin da sammakonka zai iya ɗauka shi za ka yi wa rajista. Zauren WhatsApp da ake tura takardu ɗari a rana ba karatu ba ne, tara kaya ne. Masu cewa sun san babin da zai fito, ku bar su da saninsu. Zuwa lesin ranar Asabar da Lahadi yana da amfani, amma malamin ne ya yi lissafin a allo, ba kai ba. Kalkuletan da za ka shiga da shi, da shi za ka yi atisaye tun yau. A je a ga zauren jarrabawa kafin ranar, a san motar da za a hau da ƙarfe nawa za a fita.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman, mu da muka yi karatu a Arewa. In mun haɗu mu uku ko huɗu muna bita, da Hausa muke warware wa juna, kuma hakan yana da kyau ƙwarai, abu ya fi zama a kai. Matsalar ita ce a nan muke tsayawa. Da Turanci za a rubuta amsa, kuma a matakin ƙarshe, musamman Case Study, rahoto ake so ka rubuta wa shugabannin kamfani, ka auna, ka ba da shawara, ka kafa hujja da alƙaluman da aka ba ka. Da yawanmu mun fi ƙarfi a lissafi, sai mu riƙa gudun tambayoyin bayani, alhali makinsu ba kaɗan ba ne, har a cikin darussan lissafin kansu. Ba a neman Turancin burgewa. Gajerun jimloli, kowace hujja a sakin layinta, a ɗaure ta da kamfanin da ke cikin tambayar, ba a juye abin da aka haddace ba. Dokar da na kafa wa masu bita a wurina ita ce, duk abin da aka warware da Hausa, kafin a tashi kowa zai rubuta shi da Turanci cikin minti goma, a yi musayar takardu, kowa ya duba ta ɗan'uwansa da jan biro. Wanda rubutunsa bai karantu ba, ya sake kafin ya sa takalmi.