Laburaren Tafi-da-gidanka Tsakanin Ƙauyuka: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

Shekara uku muka yi, ni da wasu abokan aikina malaman firamare, muna zagaya ƙauyuka biyar na yankinmu da adaka biyu cike da littattafai, ɗaure a bayan babur da igiyar roba. Tun daga nan mutane da dama sun nemi shawarata kan yadda za su fara irin wannan a wajensu, kuma kusan kowa da maganar littattafai yake soma tambaya: ina za a samo, guda nawa za su isa. Ni kuwa abin da na fi so su tambaya shi ne yadda za a yi ranar da adaka ta sauka a gari mutane su fito su zauna tare, babba da yaro, a yi karatu a yi hira, har mutumin ƙauyen gaba ya tako ya zo. Wannan zaman shi ne ribar aikin. Yawancin kurakuran da zan kawo a nan mun yi su da hannunmu kafin mu gane.

Zuwa ba rana tsayayya

Da farko duk ranar da muka samu sarari muke zuwa. Wannan mako Asabar, na gaba Laraba, na bayansa shiru don babu kuɗin mai. Mutumin karkara yana da gona, yana da dabbobi, yana da kasuwar da zai ci, ba zai zauna jiran baƙon da bai san ranar zuwansa ba. Kasuwar ƙauye ma tana cika ne saboda kowa ya san ranarta tun kakanni, ba sai an yi shela ba.

A Kenya, hukumar laburare ta ƙasa ta fara aikin laburaren raƙuma a Garissa a 1996, daga baya ta kai shi Wajir, domin 'ya'yan makiyaya. A lokacin, raƙumi ɗaya na ɗauke da akwatunan littattafai, wani na ɗauke da tanti, ana kafawa a zango a shimfiɗa tabarmi. Abin da na ɗauka a wurinsu shi ne kowane zango ya san ranar da ayarin zai dawo, yaro ya san ranar da zai maido da na hannunsa ya karɓi wani.

Kafin ka tsayar da rana, rubuta ranakun duk kasuwannin da ke kewaye. Kada ka sa ƙauye a ranar da babbar kasuwar kusa ke ci, domin za ka tarar da gari wayam, sai tsofaffi da kaji. Ƙauyen da ke da masallacin Juma'a kuwa ka ba shi ranar Juma'a bayan an sauko, tunda mutanen ƙananan unguwanni sun riga sun taru da kansu. Sannan jadawalin ya bi shekara. Daga saukar ruwan shuka har a gama maimai, babu mai ganinka sai bayan la'asar. Da azumi, hantsi ya fi. Da rani samari sun tafi ci-rani, masu zuwa mata ne da yara da dattawa, sai kayan adakar su canza daidai da su. Idan akwai ƙauyen da rafi ke yanke wa hanya a watan Agusta, kai musu adaka ɗaya kafin ruwa ya kawo, ta zauna a can har hanya ta buɗe.

Inda ake shimfiɗa tabarma

Wanda ya shiga gari da kaya bai fara gaida dagaci da liman ba ya ɓata aikinsa tun daga ƙofa, wannan ba ya bukatar dogon bayani. Kuskuren da muka yi shi ne na biyunsa: da dagaci ya karɓe mu hannu bibbiyu ya ce mu zauna a ƙofar gidansa, sai muka zauna. Wurin girma ne, kuma girman ne ya hana mu ciniki. Saurayi ba zai yi dariya a gaban fada ba, yaro ba zai yi tambaya ba, mace ko giftawa ba za ta yi ba. Muka koma harabar makaranta, nan kuma manya suka ɗauka abin yara ne, wanda bai yi boko ba yana jin nauyin shiga. Sai da muka koma gindin wata tsamiya kusa da rijiyar burtsatse, hanyar da kowa ke bi, aka fara tsayawa.

Duk da haka rabin gari ba ya zuwa, kuma mun daɗe ba mu lura ba. Akwai wata yarinya, ba ta fi shekara goma ba, mai tallar ƙuliƙuli. Kullum takan ajiye farantinta a gefen tabarma ta zaɓi littattafai uku masu kauri, irin waɗanda na san sun fi ƙarfin ajinta. Ran nan na ce mata, "'Yata, duk ke kike karanta waɗannan?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "A'a Malam, na Inna ne da amaryar Yaya. Sun ce ma in tambaye ka ko akwai ci gaban na wancan makon." Ashe manyan masu karatunmu suna cikin gida, ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. Ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A birane irin su Kano an daɗe ana aiken yara shagunan hayar littafi su karɓo wa matan aure littattafan hikaya. Mu ne muka manta da hakan da muka fita ƙauye.

Gyaran da muka yi shi ne ware ƙaramin akwati, muka damƙa shi a hannun malamar Islamiyyar matan aure. Ranar da muka zo, ita tana shimfiɗa tata tabarmar a tsakar gidan wata dattijuwa da kowa ke girmamawa, bayan azahar, lokacin da an gama aikin rana ba a ɗora tukunyar dare ba. Namiji ba ya shiga, kuma mace ce ke riƙe da rajistarsu. Duk laburaren da bai tanadi wannan zama na biyu ba, ya sani na maza ne kawai.

Karɓar duk abin da aka bayar

Idan aka ji kana tara littattafai, masu alheri za su kawo maka kwalaye. A cikin namu na farko akwai tsofaffin littattafan lissafin kuɗi na jami'a da labaran Turanci na yaran da ke wasa da dusar ƙanƙara. Kunya ta sa muka loda su duka, babur yana nishi, mutane suna juya shafi su ajiye. Ka gode wa mai kyauta, amma ka tace kafin ka ɗaure kaya. Masu raƙuman Garissa ma sun gamu da irin wannan, domin yawancin littattafansu na Turanci ne da Swahili, alhali yaran da Somaliyanci suka tashi.

Mafi yawan abin da ke cikin adaka ya zama da harshen da ake magana a gari. Kuma kada a manta da ajami. Dattijo zai ce maka bai yi karatu ba, yana nufin boko, amma miƙa masa waƙar wa'azi ko ta tarihi da ajami ka ji yadda zai rera ta ba gargada. A kasuwar Kurmi ta Kano ana samun irin waɗannan ƙananan littattafai da araha. Magabata sun san wannan: a shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar wallafa littattafai ta Jihar Arewa, wato NORLA, a Zariya ta riƙa buga 'yan ƙananan littattafan Hausa masu sauƙin kuɗi kan lafiya da noma da labarai, don wanda ya koyi haɗa baƙi ya samu abin da zai ci gaba da karantawa. Idan akwai ruga a zagayenka, nemi na Fulatanci ko da kaɗan ne.

Abu ɗaya da nake jan kunne a kai: littattafan raddi tsakanin ƙungiyoyin addini su tsaya a gida. Tabarmar ta kowa ce. Littafi ɗaya irin wannan ya isa a ce adakar ta 'yan wani ɓangare ce, kuma idan sunan ya bi ta, da wuya ya goge.

Cewa a yi shiru

Mu malaman makaranta ne, mun saba da tsawatarwa. Muka riƙa cewa yara su yi shiru ana karatu, kamar a laburaren birni. Sakamakon haka wanda bai iya karatu ba ya ga ba shi da abin yi a wurin, ya wuce. Dattawanmu har yau suna ba da labarin majigi, yadda mota ke zuwa a kafa farin ƙyalle gari ya taru, mai fassara yana bayani ana sowa. Taron ne ya zauna musu a rai. A Kolombiya akwai wani malamin makaranta, Luis Soriano, da a ƙarshen shekarun 1990 ya fara kai littattafai ƙauyuka a kan jakunansa biyu, Alfa da Beto. Idan ya sauka yakan tara yara ya karanta musu da babbar murya. A gundumar Nkayi ta Zimbabuwe, amalanken jakuna masu ɗauke da littattafai sun fara yawo a 1995, wasunsu har da faifan sola a rufi.

Saboda haka a fara kowane zama da karatu a bayyane. A zaɓi mai murya, ya karanta shafi biyu ko uku, ya tsaya a inda labari ya yi daɗi. A bar kacici-kacici ya shigo, a bar tsohuwa ta yi tatsuniya a zaman mata. In da hali a zo da ƙaramin faifan sola a riƙa yi wa mutane cajin waya, mai jiran waya ta cika yakan miƙa hannu ya ɗauki littafi.

A nan ne kuma na ga kuskuren da ya fi kowanne girma, wato ɗaukar cewa mu ne masu kawo ilimi, ƙauye kuwa karɓa kawai zai yi. Wata rana ana karanta wani labari da ya ambaci yunwa, sai wani tsoho da kullum ke zama can gefe yana tufkar igiya ya ajiye kabarsa ya ce, "Malam, dakata. Wannan bai ga komai ba." Ya shiga ba mu labarin farin 1973, yadda rijiyoyi suka ƙafe, yadda shanu suka riƙa faɗuwa a hanya, da wace rijiya ce ta rage mutanen ƙauyuka uku suna kwana a bakinta. Abokina ya buɗe littafin rubutu mai shafi tamanin ya bi shi da biro. Muka ce, "Baba, ka yarda mu karanta wannan a gaba?" Ya ce a karanta, a faɗi sunansa ma. Da muka karanta a ƙauye na gaba, wani sa'ansa ya ce an yi kuskure, rijiyar tasu ce, kakansa ne ya haƙa. Zagaye na gaba sai ga shi a kan keke, ya zo su yi ta ta ƙare. Sun fi awa biyu suna tuna sunayen mutanen da suka rasu da gonakin da suka koma daji, matasa sun kewaye su ba mai motsi.

Daga ranar muka sa littafin rubutu ɗaya a kowace adaka, muna kiransa littafin gari. Tarihin kafuwar unguwa, waƙoƙin daka da na niƙa, kirarin mafarauta, sunayen irin gero da dawa da aka daina shukawa, duk wanda ya yarda a rubuta nasa ana rubutawa. Shi ne littafin da aka fi nema.

Tara, gara, da kuɗin mai

Mun sa tarar kuɗi a kan wanda ya ɓatar da littafi. Wani yaro akuya ta cinye masa bango, ya yi wata biyu in ya hango babur ɗinmu sai ya zagaya ta bayan gari. Muka soke tarar. Wanda littafi ya lalace a hannunsa ya zo a ɗinke tare da zare da allura, wanda ya ɓatar iyayensa su ba da abin da ya sawwaƙa da kaka, ko kwanon gero ne. Rajista kuma ɗan gari ya riƙe ta, shi ya san gidan kowa. Kowane littafi a sa masa rigar leda. Adaka kada ta kwana a ƙasa, a ɗora ta a kan duwatsu ko bulo nesa da bango saboda gara, a zuba busasshen ganyen darbejiya a ciki.

Sai maganar wane ne mai adakar. Idan mutum ɗaya ke sayen mai, ranar da ya gaji aiki ya tsaya. Idan ɗan siyasa ne ya saya, hotonsa zai biyo baya, rabin gari kuma su janye. Abin da ya riƙe namu shi ne karo-karo da kaka: kowane ƙauye ya tara hatsi gwargwadon ƙarfinsa, a sayar, kuɗin ya zauna wurin ma'aji ɗaya da wakilai biyar suka amince da shi, a karanta lissafi a bainar jama'a. Adaka tana kwana a kowane ƙauye bi da bi kamar kwasar adashi, ƙaramar unguwa da ruga suna da kwana daidai da garin dagaci. Ranar miƙawa a ƙirga littattafai a gaban mutum biyu, ɗaya daga masu bayarwa ɗaya daga masu karɓa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Mun kuma lura ƙauyen da ke ƙarshen zagaye kullum sai sababbin littattafai sun tsufa suke isa gare shi, har sun fara gunaguni. Shi ya sa duk shekara bayan girbi muke juya hanya, na ƙarshe ya koma na farko.